Rawar da Ta Kai Ni Rawa

Ni mai ƙunshi ce. Tun ina budurwa nake zana wa amaren Zongo lalle, kuma ba yabon kai ba, har daga unguwar Gbégamey ake aiko mai babur ya ɗauke ni. Sai na yi aure, na shekara shida da mutumin da bai iya magana ba sai da hannu. Ranar da yayana ya karɓo mini takardar saki, na dawo ɗakin Innarmu da akwati ɗaya da hannun dama da ya ƙi tsayawa. Da na ɗauki ledar lalle sai ya hau rawa. Fulawar da nake fitarwa ido rufe ta koma kamar kaza ta taka caɓi. Amare suka daina aikowa, ni ma ban ga laifinsu ba.

Maƙwabciyarmu ce ta ja ni wani ƙaramin asibiti ta wajen Saint-Michel. Malamar da ta duba ni ba Bahaushiya ba ce, Hausarta irin ta taya tumatir ce a kasuwa. Ta jujjuya hannuna, ta yi mini tambayoyi, na amsa wanda zan iya. Sai ta ce, "Tanti, Laraba ki zo rawa."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Madam, ai rawar ce ta kawo ni. Ga ta nan kina gani."

Ta tsaya tana kallona. Maƙwabciyata ta tuntsire da dariya, ta yi mata bayani da Faransanci cewa a bakinmu abin da jiki ke yi in an buga kalangu, da wanda yake yi in tsoro ya kama shi, duk sunansu ɗaya. Malamar ta ce, "To, kawo taki, mu ba ki tamu."

A gida na ce wa Inna motsa jiki aka rubuta mini. Da na ce rawa, bazawara guda tsakar rana, da kafin la'asar maganar ta zaga unguwa.

Ranar Laraba na je. Mu tara ne, mata zalla, a wani ɗaki mai tabarmi. Babu kiɗa. Malama ta sa muka cire takalma, wai kowa ta ji ƙasa. Na ce a raina, wanki na baro don in zo in ji ƙasa? Daga nan ta ce kowa ta nuna aikinta na gida, ba komai a hannu. Wata ta yi dakan sakwara, wata tankaɗe. Wata 'yar unguwar Ladji ta duƙa tana kwashe ruwan ambaliya daga ɗaki, mu duka muka bi ta, muna duƙawa muna watsawa, har muka soma haki da dariya. Ban san lokacin da abin ya zama rawa ba.

A nan na gano kafaɗata ta dama kullum a ɗage take, kusa da kunne, tana jiran saukar abu. Shekaru ina yawo da ita haka ban sani ba. Malama ta matso ta ce, "In taɓa?" Na ce a'a, don kawai in ga abin da za ta yi. Sai ta janye hannunta ta wuce wajen ta gaba. Na yi kuka ranar sosai, don ban taɓa cewa a'a an tsaya ba.

Ta koya mini in ɓarin ya zo kada in yi kokawa da shi. In danna tafin ƙafa a ƙasa, in saki numfashi, in sauke kafaɗa, in bar shi ya gangara. Wata biyar ina gwaji a ƙafar Inna. Wata rana tana kallon zanen ta ce, "'Yar nan, wannan motsa jikin naku har da karkaɗa ƙugu wajen shara?" Ashe ta gan ni. Na ci gaba da zanena, ita ma ba ta sake tayar da maganar ba.

Aikina na farko bayan haka, 'yar maƙwabciyar nan ce za a aurar. Da hantsi ina zaune a tsakar gida, ƙafar amarya a cinyata, na kai rabin ganye, sai na ji sallama daga zaure. Tsohon mijina ne, ya zo gaida uban amarya, tashar mota ɗaya suke. Matan gidan kowa ta zuba wa hannuna ido. Na ji abin ya taso daga gwiwar hannu. Na danna ƙafafuna a siminti, na saki numfashi, na sauke kafaɗa. Na ƙarasa ganyen, na ja reshe har idon sawu, layi ɗaya, ban ɗaga leda ba.

Na yi wa amare ɗaruruwa ƙunshi, amma babu zanen da nake alfahari da shi kamar wannan reshen. Sai da na gama na ɗago kai na amsa sallamar, da muryar da duk gidan ya ji. Sannan na ce wa amarya, "Miƙo ɗayar."