Auren Mangwaron Gidanmu

A tsohon gidanmu da ke kusa da tashar jirgin ƙasa akwai wani mangwaro da kakanmu ya shuka. An ce daga Zungeru ya zo da dashen, lokacin da aikin reluwe ya dawo da shi Minna. 'Ya'yansa ƙanana ne, ba su da zare, kuma ko sun nuna bayansu kore yake zama. Ban taɓa ganin irinsa a kasuwa ba.

Bayan rasuwar mahaifinmu, babban yayanmu ya tara mu ya ce za a gina shaguna a gaban gidan, mangwaron kuma yana daidai inda ginin zai bi. Babu wanda ya yi musu. Ni dai na ce a ba ni lokaci.

"Lokacin me?" in ji shi.

"In samu irinsa, Yaya."

"Ki ɗebi ƙwallo mana. Ga su nan zube."

Haka na yi niyya da farko. A lokacin ina aikin ofis a wata sakandare a Bosso, gidana kuma yana Tudun Fulani. Wata rana da hutun tara na shiga intanet a wayata don in ga yadda ake binne ƙwallon. A shafin wata jami'ar noma na karanta cewa yawancin mangwaro, in aka shuka ƙwallonsa, abin da zai fito ba lallai ya yi kama da uwar ba. In ana son ainihin irin, sai an yanko reshe an haɗa shi da jikin wani dashe. Wannan shi ne abin da masu lambu ke kira aure. Na sha jin ana cewa mangwaro mai aure, ban taɓa tambayar yadda ake ɗaura shi ba.

Na je wurin wani mai sayar da dashe a bakin titi. Ya ce shi ma sarowa yake yi, bai iya ba, amma yana da masu aure in ina so. Na ce marasa aure nake nema. Ya dube ni, sannan ya zaɓo min goma sha biyu masu kaurin fensir.

Sati biyu na yi ina kallon bidiyo. Wanda ya fi min amfani na wani dattijo ne da ban san ƙasarsa ba, ban kuma ji ko kalma ɗaya ta yarensa ba. Hannunsa kawai ake nunawa. Yana fere gindin reshen ta gefe biyu, ya tsaga kan dashen, ya cusa, ya naɗe da leda. A wani shafin na fahimci dalilin: akwai wani siririn kore a ƙarƙashin ɓawo, shi ne mai rai, kuma sai na reshen ya haɗu da na dashen kafin su kama juna.

Shida na fara yi, da reza. Duka suka yi baƙi cikin kwana goma.

Na ɗauki hotonsu na tura wani zauren masu lambu da na shiga a intanet. Wani ya ce rana ce, wani ya ce ruwa ya shiga. Wata mata ta ce in ƙara hoton wurin yankan daga kusa. Da na tura, ta rubuto cewa yankan ba shi da santsi, kamar an yi ta gurzawa, ya kamata wuƙa ta wuce sau ɗaya.

Maƙwabciyata nas ce, 'yar kudancin Kaduna, kowa a layin Sista yake ce mata. Ta leƙo ta katanga ranar Asabar ta same ni ina gwaji a kan reshen dalbejiya. Hausarta ba ta raba mace da namiji.

"Anti, hannunka yana rawa," ta ce. "Kawo in gani."

Na nuna mata bidiyon dattijon. Sau biyu ta kalla. Ta shiga gida ta fito da sabuwar aska irin ta asibiti, ta goge ta da sifirit, ta ja sau ɗaya. Yankan ya fito sumul.

Washegari bayan ta dawo daga coci na je tsohon gida na yanko rassa, na naɗo su a jiƙaƙƙen tsumma. Ita ta yi yanka, ni na yi ɗauri. Muka jera shidan da suka rage a inuwar bayan kicin. A sati na uku biyu suka yi toho ja. Sauran huɗun ba su yi komai ba. Na ba ta ɗaya, na dasa ɗaya a tsakar gidana.

An sare babbar bishiyar a lokacin kaka. Ban je ba, ranar aiki ce. Sista kuma aka yi mata canjin wurin aiki zuwa Wushishi a shekarar da ta biyo, ta tafi da nata a cikin bokiti.

Nawa ya yi fure a shekara ta biyu. Shafin jami'ar ya ce a tsinke furen farko don bishiyar ta yi ƙarfi, na tsinke. A shekara ta uku ya ba da 'ya'ya bakwai. Na kai wa Yaya uku a shagonsa. Ya wanke ɗaya, ya sha a tsaye, ya goge baki.

"Yana da daɗi," ya ce. "Amma na gida ya fi zaƙi."

Na gaya masa a ilmance bishiya ɗaya ce. Ya ce to ƙasar ce ta bambanta. Mai yiwuwa haka ne, na karanta cewa ƙasa da ruwa suna taɓa ɗanɗano. Ni da na sha nawa ban iya tantancewa ba, don shekara uku ke nan rabona da wancan.

Sista ta turo min hoton nata a watan jiya. Ya fi nawa tsawo, amma awaki sun cinye masa gefe guda, ta ce sai ta kewaye shi da waya.