Kalmar da Kaka Ta Ƙi Faɗa

Wata takwas rediyon Baffa Sule ya yi a motata kafin na yarda na danna maɓallinsa, kuma a cikin watannin nan maganar Baffa raguwa take ta yi. Ƙanin mahaifina ne. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a ƙauyenmu da ke yankin Gwiwa, abu ɗaya kuma ya nema a wurina: in tayar da tsohon rediyonsa na oba-oba, ya sake magana da wani abokinsa na Nijar kafin bakin ya rufe gaba ɗaya. Duk Juma'a idan na taso daga Kazaure, inda nake koyarwa, hankalina ba ya kwanciya a hanya. In duba agogo, in duba eriya ta madubi, in sake duba agogo. Abin da ke yawan dawo mini a wannan tafiya shi ne murhun Kaka.

Ba zan ce na riƙe komai daidai ba, don lokacin ban wuce shekara takwas ko tara ba. Kaka, mahaifiyar su Baffa, ba ta fara tatsuniya sai an yi magariba an ci tuwo. Ba ta yarda a kashe wuta. Takan ja garwashi gefe, ta binne gyaɗa a cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta, kowa ido a kan tokar, kunne a kan bakinta. Da tsinken da take tona gyaɗar take nuna wanda ya cika motsi, kuma yawanci ni ne. Tambaya ce ta yi mini yawa. Kafin kura ta shiga daji na riga na tambaya ko za ta fito lafiya.

"Maigida, ka bar ni in aje tatsuniyar tukuna," takan ce, don da wasan jika da kaka maigida take kirana. "Mijin da ba ya bari mace ta kai aya, ai ni ba zan zauna da shi ba."

Daga ƙofar gida kuma ana jiyo shuuu ɗin rediyon Baffa. Wani Bature likitan dabbobi ne ya bar masa shi. Baffa ya yi masa direba shekaru, suna zagaya rugage daga Roni har Babura, shi kuwa Baturen sha'awarsa ke nan, hira da mutanen nesa ta iska. Da zai tafi ya taimaka wa Baffa ya sami lasisi, ya bar masa akwatin. Baffa ya ɗaure shi a gefen sitiyarin a-kori-kurarsa. Ƙarfe ne mai nauyi, launin toka, da allura da 'yar fitila ruwan ɗorawa, da eriya doguwa mai dukan rassan darbejiya idan zai shigo gari. Batirin mota yake sha, saboda haka idan hira ta yi daɗi, da safe sai an tura.

Abokin hirar shi ne Malam Isuhu, wani ma'aikacin gidan waya a wajen Damagaram. Ba su taɓa ganin juna ba. Kowace Juma'a bayan magariba sukan haɗu a kan mita arba'in a gajeren zango, su yi zancen ruwan sama da kuɗin gero, Isuhu na faɗa da sefa, Baffa na juyawa zuwa naira. Irin wannan rediyo ba kamar wayar salula ba ne. Idan ka danna maɓalli kana magana, ba ka jin komai. Sai ka gama, ka ce "oba", ka saki, sannan ɗayan ya danna nasa.

Wata Juma'a Baffa ya leƙo cikin gida, muna tsakiyar tatsuniya.

"Inna, Isuhu na son ya gaishe ki."

"Wane Isuhu? Na cikin akwati?"

Ta yafa mayafi, muka bi ta duu. Baffa ya ɗora ta a kujerar gaba, ya damƙa mata abin magana, ya nuna mata inda za ta danna. Muryar Isuhu ta fito cikin ƙara, ya fara, "Inna, ina wuni," ita kuwa a tarbiyyarta ba a barin mutum yana gaisuwa a yi masa shiru. Nan take ta danna. Lafiya lau, ina gajiya, ya iyali, ya damina, ya masu jiki, to madalla, madalla. Har madallar amsoshin da ba ta ji ba ta yi. Shi ma can yana nasa. Da ta saki, abin da kawai ta tarar shi ne ƙarshen maganarsa: "Oba."

Kaka ta juyo ta kalli Baffa.

"Sule, me na yi wa yaron nan da zai ambaci ubana?"

Baffa ya yi dariya har ya kifa kai a sitiyari. Ya ce ba uba ba ne, oba ne, kalmar Turawa ce, ma'anarta na gama, sai kai. Ya roƙe ta ta faɗa sau ɗaya kawai don Isuhu ya san ta gama.

"Ni? Da furfurata? In ce wa ɗan mutane uba a bainar jama'a? Karɓi kayanka."

Ba ta faɗa ba, kuma har ta bar duniya ban ji ta faɗa ba. Amma kwana biyu bayan haka, da muka zauna a gindin murhu, ta zo da tatsuniyar da ba mu taɓa ji ba. Ina zaton ita ta ƙirƙira, ko da yake ba ni da tabbas. Wataƙila tsohuwa ce ta tuno.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta hanya," ta ce. Muka ce ta shigo.

Wai wasu 'yan'uwa mata ne biyu, aka aurar da yayar gabas da kogi, ƙanwar yamma da shi. Kogin ba ya ƙetaruwa, ba rani ba damina. Kullum da sassafe sukan fito gaɓa su yi magana da ƙarfi. To ƙanwar tana da i'ina. Takan fara, "Yaya, ina da..." sai harshe ya sarƙe. Yayar kuma tana son ta, ba ta iya jure ganin tana wahala, sai ta ƙarasa mata: "Kina da lafiya, na sani, Allah ya ƙara!" Ta juya ta tafi daka. Washegari ƙanwa ta ce, "Yaya, na..." Yaya ta ce, "Kin gode, ai babu komai!" A nan Kaka takan maƙale murya ta kwaikwayi ƙanwar, jijiyar wuyanta ta tashi, mu yi ta dariya. Haka aka yi damina biyu. Ƙanwa ta gaji, ta daina fitowa. Yaya ta zauna a gaɓa tana kuka, tana cewa ba ta san abin da ta yi mata ba.

Akwai wani tsohon masunci da ke shawagi a kan gora a tsakiyar ruwan, shi kaɗai ke jin su duka biyu. Ya je ya lallaso ƙanwar, ya ba kowacce dutse ɗaya. Ya ce wadda ke magana ta riƙe nata a hannu, sai ta gama ta jefa a ruwa. Muddin ba a ga ruwa ya fantsama ba, ɗayar ba ta da baki. Ƙanwa ta riƙe dutsenta tun hantsi. Ta fara, ta tsaya. Ta sake farawa. Yaya na can tana ciza mayafi, tana taka ƙasa. Sai da rana ta take tsaka maganar ta fito duka: "Yaya, na haihu, na sa mata sunanki, har ta fara tafiya." Sannan ta jefa dutsen.

"Na sauke ta a nan, mai so ya ɗauka," in ji Kaka, ta hau tona gyaɗa.

Ni dai ban gamsu ba. Na tambaya ko yayar ta samu ta ga yarinyar. Kaka ta ce ita ba ta bi su gida ba.

Shekaru na ɗauka cewa tatsuniyar gargaɗi ce ga yaro mai katse manya, wato ni. Wani lokaci kuma in ce a'a, kanta take yi wa dariya saboda abin da ya faru a mota. Mai yiwuwa duka biyun ne. Na tafi makaranta, na karanta ilimin lantarki, rediyon Baffa ya mutu tun kafin salula ta iso ƙauyenmu, aka tura shi ƙarƙashin gado. Lambar waya ba su taɓa musaya ba, don lokacin babu. Zumuncin ya yanke a tsakiyar hira, babu sallama.

Da ciwon ya kama Baffa, maganarsa ta koma ɗaiɗai. Nakan zauna kusa da shi, ya fara, "I... I..." in ce, "Isha'i? Ba a kira ba tukuna, Baffa." Ya girgiza kai. In ce ruwa, in ce magani, in gyara masa matashi. Tausayi nake ji, ko haka na gaya wa kaina. Sai da na yi kusan wata ina ƙarasa masa magana kafin wata rana tari ya sarƙe ni, na yi shiru ba da niyya ba, shi kuwa ya kai ƙarshen kalmar. Isuhu.

Ko bayan na gane, ban yi sauri ba, kuma wannan ne ke damuna har yanzu. Gyaran rediyon bai fi mako uku ba: wasu ƙananan kayan ciki sun bushe, na nemo makamantansu a Kano na liƙa da dalma. Sauran watannin tsoro ne. A wannan zamani, mutum ya kafa doguwar eriya a mota yana yawo kusa da iyaka, ba kowa zai ɗauka sha'awa ce ba. Na nemi lasisi da sunana, na jira. Na kai takardar wurin mai gari, na kai wurin jami'an tsaro, na yi kwafi uku na aje a mota. Ban ce kuskure ne ba, don doka ce, kuma da zan sake, zan sake nema. Sai dai akwai makonnin da takarda na hannuna, ina ta sake gwada wayoyin da na riga na gwada.

Ranar da muka fara, na kai motar har bakin zaure, aka ɗauko Baffa aka zaunar da shi a gaba. Bayan magariba na kunna, fitilar nan ta kawo. Na danna, na faɗi lambar kirana ta lasisi, na yi bayanin ko ni wane ne, da wanda nake nema, da dalili, na ba da haƙuri idan na shiga hirar wasu. In saki kaɗan, in ji shuuu, in sake dannawa. Juma'a huɗu haka. A ta biyar Baffa ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya buge mini wuyan hannu. Na saki. Muka zauna cikin ƙarar iska, ni ina ƙirga daƙiƙa a zuci. Can ƙasa-ƙasa wata tsohuwar murya ta taso.

"Wannan mai dogon wa'azin, in ka gama, a nan Isuhu ne. Mako biyu ina amsa maka. Wa ka ce kana tare da shi? Oba."

Hannun Baffa ba ya iya riƙe maɓallin, saboda haka ni na danna masa, na kai abin maganar bakinsa. Ya ce, "I..." ya tsaya. Na san kalmar. Tana kan harshena, har da gaisuwar da za ta biyo baya, da bayanin ciwon, da neman afuwa. Na kuma san cewa shiru muke aikawa har Damagaram, batir na ci, mutumin can bai san abin da ke faruwa ba. Yatsana ya fara sassautawa.

A nan ne, ina ganin, na fahimci abin da masuncin ya yi. Dutsen ba don ladabtar da mai surutu aka bayar ba. Don mai i'ina aka bayar, saboda shirunta ma ya zama nata, kada wani ya shiga ciki ya zauna. Ko Kaka haka ta nufa, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya. Na dai ƙara matse maɓallin, na kawar da kai ina kallon katangar zaure.

Ya ɗauki lokaci mai tsawo. Yawu na zubo masa, ban goge ba, don kada ya zaci na gaji.

"Isuhu. Sule ne. Ba... fushi... na yi ba. Akwatin ne... ya mutu." Ya huta, ya ja numfashi. "Oba."

Na saki. Ƙara kawai, har na fara tunanin mun rasa shi. Sai muryar ta dawo, rabi dariya rabi wani abu.

"La'ilaha illallahu! Sule, ɗan banza! Ni na ɗauka kai ne ka mutu. Wallahi har sadakar waina na yi maka, yara suka cinye, muka yi maka addu'a. Ashe kana nan kana cin tuwo! Oba."

Kafaɗar Baffa ɗaya ta hau girgiza. Rabon da in ga ya yi dariya tun kafin ya kwanta. Ya yi mini nuni da ido, na danna, na jira shi har ya tattara kalmomin.

"Aje mini... ladan," ya ce. "Na kusa... zuwa karɓa."