Zanin Goggo Mai Wanki

Idan ana lissafin uwaye a garin nan, babu wadda za ta sha gaban Goggo. Yaran da ta goya sun isa su cika makaranta guda, har a rasa benci. Sai dai ba ta taɓa haihuwa ba, ba a taɓa ɗaukarta aikin raino ba, kuma a cikin yaran nan kaf da wuya a sami wanda zai gane ta in sun yi kiciɓis a hanya, domin ƙeyarta suka sani, ba fuskarta ba.

Aikin Goggo wanki ne. Tana yin sa a gidan jarirai na wata ƙungiyar agaji, inda ake kawo waɗanda aka tsinta a bola, ko a bakin asibiti, ko a ƙarƙashin bencin tasha. Wurin aikinta yana can ƙuryar gidan, tsakanin tankin ruwa da katanga. Akwai baho uku, da famfo mai ɗigo, da igiyoyin shanya, da kujerar da ƙafarta ɗaya bulo ce. Baƙi masu kawo gudummawa ba a kai su can. A falo ake tsayar da su, a miƙa musu jaririn da ya fi ƙiba, a yi hoto.

Tun rasuwar mijinta take zaune a gidan yayanta, wani direba da ya ajiye tuƙi saboda ciwon ido. An ba ta ɗakin da ake ajiye tsofaffin tayoyi. Ba a fitar da tayoyin ba, an dai matsar da su. Zannuwanta biyu ne: na fita, da wani kore na aiki wanda sabulu da bilic suka cinye masa launi.

Gidan jariran yana da doka. Wasu masana sun taɓa zuwa suka yi bita, aka sha lemo, aka tashi da matsaya cewa ba a goyo. Goyo yana kawo sabo, in ji su, sabo kuma yana hana yaro zama a gidan da za a kai shi riƙo. Shugabar gidan, wadda kowa ke kira Anti Babba, ta sa aka rubuta dokar a bango da jan fenti. Amma masu raino aka yi wa dokar, babu wanda ya tuna da mai wanki. Saboda haka duk jaririn da ya ƙi yin shiru, sai a bi da shi ta bayan kicin a kai wa Goggo. Ta goya shi kwana biyu ko uku, ya lafa, ta mayar. Anti Babba tana kawar da kai, domin ita ma kunne gare ta.

A haka aka kawo Kwali. A cikin kwalin taliya aka tsince shi, sunan ya bi shi. Ya ƙi karɓar bulumbotin madara a hannun kowa. Likita ya duba shi ya ce a yi ta gwadawa, wanda a bakin likita yana nufin a fara neman farin yadi.

Kuku, mai dafa abincin gidan, ita ta ɗauko shi. "Goggo, ga wani babban baƙo. Ya ce abincinmu bai yi masa ba."

"Yo ai ya yi gaskiya. Kawo shi."

Ta ɗaura shi da koren zanin, ta sunkuya a kan baho ta ci gaba da cuɗa nafkin. Tana cuɗawa yana jijjiguwa, har kukan ya koma ajiyar zuciya. Kuku ta zura bulumbotin ta gefen kafaɗa, ya kama. Tun daga ranar bai sauka ba. In an sauke shi ya daina ci, in an mayar ya ci. A bayan Goggo ya yi haƙori, a inuwar shanyarta ya koyi tafiya.

Ba ta taɓa cewa nata ne ba. Ta dai fara rage biredinta tana ƙulle masa a bakin zani, kuma in ta koma gida bayanta yana yi mata sanyi.

Wani ma'aikacin banki da matarsa suka ɗauke shi riƙo. Ba a jima ba suka dawo da shi. Matar ta ce kukan da yake yi ya sa maƙwabta sun fara tambaya ko sato shi suka yi. Wata malamar makaranta ta ɗauka, ita ma ta dawo da shi, ya fi yadda ya tafi rashin nauyi. Duk lokacin da aka dire shi a ƙofa, sai ya miƙe hanyar wajen wanki kamar wanda ya dawo daga aike.

Anti Babba ta kira Goggo ofis.

"Goggo, kin san dokar nan."

"Anti, ni ban iya karatu ba."

"Amma kin iya kallon bango." Ta cire tabarau ta murza ido. "Ba faɗa na kira ki ba. Yaron nan ya kusa shekara biyu. Da ya cika, ba namu ba ne kuma, gidan manyan yara za a kai shi."

Goggo ta san gidan manya. Babu mai zuwa can neman ɗa, domin masu neman ɗa jariri suke so, wanda bai tuna komai ba. Katangar gidan kuma gajeriya ce. Ta taɓa ganin ɗaya daga cikin goyonta a bakin danja, da tsumma da robar ruwa, yana goge gilashin bas ɗin da take ciki. Ta gane shi da tsagaggen kunnensa. Ya miƙo mata hannu ta taga kamar yadda ya miƙa wa kowa.

"Akwai wani makanike da matarsa," in ji Anti Babba. "Sun daɗe suna nema. In su ma suka dawo da shi, shi ke nan. Sai ki yaye shi kafin su zo."

"Ni da ban shayar ba, me zan yaye?"

"Bayanki."

"To a ba ni shi mana."

Anti Babba ta faɗa mata abin da ƙungiya ke buƙata ga mai riƙo: miji, da ɗakin kanta, da albashin da ya fi wanda ƙungiyar ke biyan mai wanki.

Duk da haka Goggo ta je wa yayanta da maganar, ko zai yarda a sa sunansa. Ta same shi a tsakar gida yana sauraron rediyo, ta durƙusa.

"Yaya, yaro ne ƙarami. Ba ya cin wuri."

"Tayoyin nan ko abinci ba sa ci, kina gani sun cinye wuri." Ya rage muryar rediyon. "Ke, tsintacciyar mage ba ta mage. Wa ya san jinin wa ke jikinsa? Nawa ma da na san asalinsu ga yadda suka mayar da ni."

Matarsa ta leƙo daga kicin. "In goyon ne ya dame ki, ga ni. Ƙafafuna sun gaji."

Aka yi dariya. Goggo ma ta yi, domin a gidan mutane take.

Washegari yaye ya fara. Aka sa sakata a ƙofar wajen wanki. Kwali ya zauna a bakin ƙofar yana kuka, Goggo tana ciki tana cuɗa nafkin ɗin da ya riga ya fita. Ta buɗe famfo har ƙarshe don kada ta ji, amma famfon ɗigo kawai ya iya. Ya yi kuka har muryar ta dushe, ta koma kamar ƙarar tsohuwar ƙofa. Ya daina cin abinci. Masu raino suka bi shi da shinkafa, da madara, da biskit, duk ya ture.

"Da nono ne, da sai a shafa ɗaci," in ji Kuku.

"A ina zan shafa? A ƙeya?"

Kuku wasa take yi, amma Goggo ta daka ƙwayar maganin zazzaɓi ta kwaɓa, ta shafa a ƙeyarta da kafaɗunta, ta goya shi. Ya lasa, ya yamutsa fuska, ya tofar, ya mayar da kansa ya kwanta.

Sai ta gwada tsana. Ta bar ƙofar a buɗe, da ya shigo ta haɗe rai, ta zare ido, ta daka masa tsawar da ba ta taɓa yi wa mahaluki ba. Bai ko tsaya kallon fuskar da ta sha wahalar haɗawa ba. Ya zagaya ta bayanta ya kama koren zanin, ya ɗaga ƙafa ɗaya yana jiran a ɗauke shi. Ta mintsine shi a cinya, da gaske, har wurin ya yi ja. Ya ƙwalla ƙara, ya ƙara ƙanƙame zanin. Ta ɓanɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ta miƙa shi ga Kuku, ta zagaya bayan tanki ta ciji hannunta don kada a ji muryarta.

"Yaron nan son da yake miki zai kashe shi," in ji Kuku daga baya.  Maganar ta yi wa Goggo ciwo, kuma, Allah ya yafe mata, ta yi mata daɗi.

Ranar da makanike da matarsa suka zo, Kwali ya rame har rigar da aka sa masa ta yi masa yawa. Goggo ta ɗaura zaninta na fita saboda girmama baƙi, ta rataye koren a ƙusa, duk da an ce kada ta fito daga wajen wanki. Daga can tana jin komai. Ta ji matar tana cewa, "Zo nan, ɗan albarka." Ta ji dusasshen kukan ya tashi. Ta ji an yi salati, domin 'yar madarar da aka ɗura masa da safe ya dawo da ita a jikin matar.

"Ko dai mu je mu yi shawara?" in ji makanike. A gidan nan, duk wanda ya tafi shawara ba ya dawowa.

Kuku ta rako matar wajen wanki ta ɗauraye kayanta. Mace ce gajeriya, idonta ya cika da ƙwalla.

"Sannu, Goggo. Kin ga abin da ya yi mini. Ni dai ko a tsintuwar ma ba ni da sa'a."

Goggo ta ciro koren zanin daga ƙusa. "Ɗaura wannan kafin naki ya sha iska. Kawo in wanke."

"A'a, bar shi, ni zan yi."

Matar ta ɗaura, ta sunkuya a kan baho ta fara cuɗawa. Kuku ta manta ba ta mayar da sakata ba. Kwali ya zame daga hannun makanike, ya biyo hanyar da ya sani, yana tafe yana dafa bango. Goggo ta gan shi a bakin ƙofa. Ta tsaya tana fuskantarsa, ta ƙulle hannuwanta a ƙirji don kada su ci amanarta, tana addu'ar Allah ya ba ta ƙarfin ture shi.

Ya wuce ta. Kafaɗarsa ta gogi gwiwarta. Ya je ya kama koren zanin, ya ɗaga ƙafa ɗaya.

Matar ta daskare a sunkuye. "Goggo, me zan yi?"

 Goggo ta matsa ta ɗaga shi ta ɗora a bayan matar, ta kwance zanin ta ja shi sama, ta ɗaure da kanta. "Ci gaba da wankin. Kada ki tsaya."

Matar ta ci gaba da cuɗawa. Kukan ya koma ajiyar zuciya. Kuku ta ruga ta kawo biskit ta miƙa ta gefen kafaɗa, ya karɓa ya ci, ya yi barci da guntun a hannu. Makanike yana tsaye a ƙofa ya cire hula, bai san dalili ba.

"Ikon Allah," in ji Kuku a hankali. "Ashe duk wannan..."

"Rufe mini baki," in ji Goggo.

Anti Babba ta ce wannan ya nuna yaye ya yi aiki, kuma dokar masana tana nan daram. Matar makanike ta riƙe hannun Goggo ta ce, "Ki ara mini zanin nan, don Allah. Da ya saba zan dawo miki da shi."

"Kada ki wanke shi da sabulu mai ƙamshi," in ji Goggo. "Kuma ba ya son a cika masa sukari."

Ta raka su har bakin titi. Kwali yana barci, fuskarsa tana ɗaya ɓangaren, don haka ƙeyarsa kawai ta gani har suka shiga mota.

Ya cika shekara biyu a gidan makanike. An ce ya yi ƙiba, yana kiran matar Mama. Ba a dawo da shi ba. Zanin ma ba a dawo da shi ba. Da zaninta na fita Goggo take wanki yanzu, bilic har ya fara cin bakinsa.