Gwajin da Ba Ya Faɗin Dalili

Daminar da kogi ya fara cin gonakin shinkafarmu, 'yata ce ke kula da manhajar da ke aika wa manoma gargaɗin ambaliya ta waya. Duk gwajin da ta yi mata, jan rubutu kawai ke fitowa, wai akwai matsala.

Na ce, "Matsalar a ina?"

"Umma, ai shi ne ba ya faɗa. Sai na gyara abin gwajin tukuna."

Ta sa abin gwajin ya riƙa nuna saƙon da ya kamata a aika a sama, da wanda ke isa wayoyin manoma a ƙasa. Na haɗa baƙaƙen a hankali. Sama an rubuta "Ku fito", ƙasa kuwa "Lafiya lau". Na ƙasan mahaifinta ya karanta da safe kafin ya wuce fadama.