Jabir da Kukan Injina

Ana sallame sallar asuba nakan tarar da Jabir tsugune a ƙofar shagona, ya toshe kunnuwa da wayoyi, yana jira in ta da inji. Ni mai injin niƙa ne a bayan kasuwar hatsi ta Ƙauran Namoda, shi kuwa ɗan yayata Iyatu ne. Ya yi karatun lantarki shekara biyu, amma ko ƙwan fitila ban taɓa ganin ya ɗaura wa uwarsa ba. Aikinsa shi ne naɗar ƙara: kukan babur, ƙarar kwanon awo, tsawar injina. Ya zuba su a kwamfuta, ya murɗe, ya ja, ya ce kiɗa ne.

Na taɓa saurara sau ɗaya. Na ce, "Wanga ai rediyo ne ya lalace."

Ya ce, "Kawu, kunnenka bai waye ba tukuna."

Shekara ashirin da wannan kunnen nake gane bel ɗin inji ya saki tun daga bakin titi.

Wata rana ya zo da sabon zance. Zai yi wasa a gaban mutane, injina ne zai zama gangarsa. Na ƙi. Iyatu ta tako da ƙafarta ta ce, "Armiya'u, ka bar shi ya gwada, ko zuciyarsa ta kwanta." Na yarda bisa sharaɗi ɗaya. A cikin inji akwai faranti biyu na ƙarfe da ke murƙushe hatsi. In suka juya babu hatsi a tsakaninsu, junansu suke ci. Na ce kada ya kuskura ya bar su wayam. Dama akwai buhun dawar Balaraba maƙwabciyata, wadda za a yi sunan jikanta washegarin wasan, na kuma ba ta baki cewa garinta zai kwana a gidanta. Na ce da dawar zai yi kiɗan nasa.

Ranar wasan, bayan la'asar, ya liƙa ƙananan makirufo a jikin injin, ya jera lasifika biyu a kan benci. Abokansa bakwai suka zo da baƙin tabarau, kowa ya ɗaga waya. Na zuba dawa, inji ya ɗauka. Jabir ya yi ta murɗa maɓallai yana lumshe ido kamar mai ciwon haƙori.

Na zagaya baya in ƙara wa inji ruwa. Sai na ji kukan ya canza, ya koma tsuwwa mai huda ƙwaƙwalwa. Na dawo da gudu. Ya toshe maƙogwaron da hatsi ke sauka, ya ƙara matse faranti, tartsatsi na tashi, abokansa na tafi.

Na kashe inji. "Mi ka yi?"

"Dawar tana danne sautin, Kawu. Yanzu ne muryarsa ta gaskiya ta hito!"

Na buɗe. Haƙoran faranti sun shafe sumul. Na damƙi garin da ya sauka, ya yi toka-toka, garin ƙarfe na ƙyalli a ciki. Rabin buhu ko akuya ba za a ba ba.

Ni na je na tsaya a ƙofar Balaraba na faɗa mata da bakina. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Kai ma, Armiya'u?" Da ta zage ni ya fi mini sauƙi.

Iyatu ta auno dawa daga rumbunta ta cike buhun, ta tara matan unguwa huɗu da turame a tsakar gida, ta miƙa wa ɗanta taɓarya.

"Tunda ƙara kake so, ga ta nan. Daka."

Ya ɗaga ya sauke bai fi sau goma ba, tafinsa ya yi bororo. Ya jingine taɓaryar a bango, ya zauna a kan wani turmi da aka kife, ya zaro waya yana duba ko mutum nawa suka kalli wasansa.