Gawayin Larai a Kan Cikin Kyauta

Larai 'yar kawuna ce, saboda haka duk abin da na faɗa a kanta ba ta da inda za ta kai ƙara. Gajera ce. In ta shiga gonar gero sai an yi girbi ake sake ganinta. Amma daga Ɗanzomo har Gumel, in cikin yaro ya ɗaure, ita ake aika wa jaki.

Ba gadon magani ta yi ba. Tana budurwa uwarta na dafa kayan ciki a kasuwar Maigatari, ita kuma aka bar mata wankin hanji. Ta wanke hanjin da in an ƙulla shi zai je Damagaram ya dawo da saura. Nan ta san inda yake lanƙwasa da inda abu ke maƙalewa. Ta taɓa ce mini hanjin mutum da na akuya ba su da nisa. Na ce na yarda, tunda na ga cin abincinta. Ta jefe ni da ludayi.

Ga yadda take yi. Sai ta kwantar da yaro a hasken rana, ta shafe cikin da man shanu, ta bi shi da yatsu, ta ƙwanƙwasa kamar mai sayen tulu. Daga nan ta ɗauki gawayi ta zana hanyar hanjin a kan fata, ta kewaye inda ta ji tauri. Ni da na yi allo har na kusa izu biyu, ban taɓa ganin rubutu mai muni irin nata ba. Sai dai kowa na iya karanta shi.

Shekarar babbar yunwa aka kira ta Sule Tankarkar, ni na ja mata jaki. Wani manomi ne, Gudaji, 'yarsa Kyauta ta daɗe ba ta zaga ba, ciki ya yi kamar ganga. Kakarta, Iya, ta ɗauka kumburin yunwa ne, sai ta riƙa hana kanta tuwon dusa tana ɗura wa yarinyar. Muna isa muka tarar da Sabo wanzami ya sa ƙarfe a wuta zai yi mata sakiya, wato ya huda cikin da jan ƙarfe.

Larai ta durƙusa ta gaida Iya, ta ce, “Malam Gudaji, a ɗaga mini ƙafa zuwa la'asar.”

“Baiwar Allah, ita kaɗai ta rage mini. Me za ki gani wanda ba mu gani ba?”

“Zo ka gani da kanka. Ilu, matsa, ƙaton kanka ya tare mini rana.” Na matsa gefe.

Ta shafa, ta danna, ta zana. Baƙin layi ya hau ta dama, ya ƙetare saman cibiya, ya gangara ta hagu. A kan gangarar ta yi da'ira. Ta kama hannun uban ta ɗora.

“Me ka ji?”

“Kamar carbi.”

“Ba ruwa ba ne balle a huda. Ke 'yar nan, magarya kika ci?”

Kyauta ta ɗaga kai.

“Ina ƙwallon?”

“Na haɗiye. Yara sun ce ya fi riƙe ciki.”

Iya ta dafe ƙirji. “Ni kuma ina ta tura dusa a kai!”

Larai ta sa aka jiƙa tsamiya da ɗan filasko, aka narka man shanu. Tana ba yarinyar kurɓi-kurɓi, tana murza cikin a kan layin gawayin, kullum zuwa ƙasa. Sabo ya ce shi ma ba son ƙona yarinya yake ba. Ya janye ƙarfen gefen murhu, ya zaunar da ni ya aske mini kai don kada zuwansa ya tashi a banza.

Azahar ta yi, shiru. Gudaji ya fara kallon murhu. Larai ta sake lalubawa, ta yi sabuwar da'ira ƙasa da ta farko, ta bar tsohuwar ba ta goge ba.

“Da safe yana nan, yanzu yana nan. Abin da ke tafiya ba a tare shi da wuta.”

Gudaji ya auna tsakaninsu da yatsa. Ya koma ya zauna.

Ladan bai kira la'asar ba sai Kyauta ta zabura, ta yi bayan darni, Iya na bin ta da buta. Wallahi ƙarar da muka ji, kamar ana zuba tsakuwa a ƙwarya. Kaji suka watse. Jakinmu ya tsinke igiya. Da ta dawo ciki ya saɓe, ta dubi kakarta ta ce yunwa take ji. Gudaji ya tashi da kansa ya kwara ruwa a murhun.

Bara na bi ta garin. Kyauta ta yi aure, da ɗa a bayanta, cikinta ko tabo babu. Bayan darnin nan kuwa kurmin magarya ne, sai da gatari ake shiga. Larai ta ce ƙarya nake, itace biyu ne kawai. Ita dai daga ƙasa take kallo.