Hannun da Ya Wasa Askar Kakana

Wanda ya koya maka sana'a yana da haƙƙi a kanka wanda rasuwarsa ba ta kankarewa: idan aka tambaye ka wa ya koya maka, ka ambace shi. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina tsare takardun hukuma kafin in yi ritaya, ban taɓa yarda a rubuta wani a gurbin wani ba. Yau ga shi an yi haka a cikin littafin da ni da kaina na ja wa layi.

Mu tara ne muke haɗuwa kowace Alhamis bayan la'asar a gindin wata darbejiya a Kazaure: tsofaffin malaman makaranta, da direba ɗaya, da wanzamai biyu na gado, sai ni magatakarda. Sha'awar askar gargajiya ce ta haɗa mu, a zamanin da reza da injin aski suka cika gari. Kowa da dutsensa, da kwanon ruwansa, da fatar da yake goga aska. Al'adarmu ita ce, kafin mutum ya ɗora ƙarfe a dutse, sai ya ambaci wanda ya koya masa, a yi masa addu'a. Ni kullum "kakana" nake cewa a gurguje, in sunkuyar da kai. Amma duk sa'ad da na ji ƙarar aska a kan jiƙaƙƙen dutse, ba shi nake gani ba.

Kakana wanzami ne a ƙauyenmu da ke yankin Gwiwa. Daga gidajen gari har rugagen Fulani, ba a askin suna sai da shi, domin an ce jariri ba ya ko motsi a hannunsa. Ina ƙarami ƙwarai aka yi wata bazara mai zafi, sanƙarau ya kwantar da shi. Allah ya tashe shi, amma jinsa ya tafi. Hannunsa bai yi rawa ba, idonsa garau, sai dai wanda ya san washi ya san da kunne ake yin rabinsa. Askarsa ta fara jan gashi. Wata rana wani dattijo ya yamutsa fuska a ƙarƙashinta, Kakana ya gani, ya dawo gida bai ci tuwo ba.

Kakata 'yar maƙera ce daga Roni. A bakin maƙera ta yi wayo. Abin da na sani kawai, tun daga wannan mako, idan zai tafi gona da safe, sai ya rataye zabirarsa, wato jakar fatar da yake zuba kayan aski, a jikin rumbu maimakon cikin ɗakinsa. Idan ya dawo ya same ta a inda ya bar ta. Gari kuwa ya ci gaba da yabon kaifin askarsa.

Ina da shekara tara na gano sirrin. Damina ce, an kore mu daga makaranta saboda rufin aji na yoyo. Na shigo gida na ji wani sauti siriri daga bayan rumbu, inda aka ɗaure awaki. Na leƙa. Kakata na zaune a kan tabarma, ƙafafu a miƙe, wani baƙin dutse mai santsi a gabanta, aska a hannunta, idanunta a rufe. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na ƙarfe sun gauraya.

"Maigida, ka gama leƙen? Zo ka riƙe mini kwano," ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba. Haka take kirana, irin wasan kaka da jika.

"Iya, ashe ke ce?"

"Ni ce me? Ni tsatsa nake goge wa mijina. Zuba ruwa, kaɗan, ba wanka za ka yi masa ba."

Damina biyu na yi ina zuba ruwa kafin ta bar ni in taɓa ƙarfe. Ta koya mini in kwantar da askar gaba ɗaya a kan dutse, kada in ɗaga bayanta, kada in danna, nauyinta ya ishe ta. Ta koya mini in saurara: da fari ƙarar tana da kaushi kamar ana jan takalmi a yashi, sannan ta yi laushi, ta yi laushi, har ta kusa ɓacewa. A nan ake tsayawa. Wanda ya wuce nan ya cinye kaifin da ya samu. Idan na yi gaggawa sai ta ɗan ja mini kunne ta ce, "Wannan aka ba ka don aikin, ba don ado ba."

Wata shekara bayan girbi, da sassafe, tafasasshen man gyaɗa ya zubo mata a hannun dama, aka naɗe shi da tsumma. Washegari kuwa akwai suna a wata ruga, ɗan fari. Kakana ya rataye zabira a jikin rumbu kamar kullum, ya tsaya yana kallon hannunta, sannan ya fita a hankali. Ni na zauna a gaban dutsen ran nan, ina sane da cewa kan jaririn kwana bakwai za a ɗora abin da na wasa. Ita ta jingina da rumbu ta rufe ido.

"Kana dannawa. Sake," ta ce.

Na sake.

"Yanzu kana tsoronta. Sake."

Har rana ta take tsaka kafin ta ɗaga hannun hagu ta ce, "Tsaya nan."

Da Kakana ya dawo, ya zaro askar ya gwada a gashin hannunsa, gashin ya zube ba tare da ta taɓa fata ba. Ya dubi naɗaɗɗen hannun Kakata, ya dube ni. Sai ya ɗora tafinsa a kaina, ya ce da ƙarfi, irin maganar wanda ba ya jin kansa, "Yau hannun ya canja, amma kunnen na nan." Ban taɓa jin ya yi maganar ba sai wannan karo. Da yamma Kakata ta kira ni ta ce, "Muddin yana raye, ba ka ga komai ba. Mutuncinsa ne abincin gidan nan." Na yi alkawari, na kuma cika. Laifina shi ne da na ci gaba da yin shiru shekaru masu yawa bayan alkawarin ya sauka daga kaina.

Bana muka yanke shawarar rubuta malaman kowa a littafi, don na baya su san ta inda sana'ar ta biyo. Da aka zo kaina, na miƙe na ce kakata ce. Direba ya yi dariya ya ce, "Ashe shi ya sa askarka take da ladabi!" Wannan ban ji haushinsa ba. Amma shugabanmu, wanda wanzami ne na gado, ya girgiza kai.

"Haba Malam, mace da zabira? Har Babura sai an yi mana dariya. Sa sunan tsohon, ai gidansa ne."

"Ranka ya daɗe, gidansa ne, amma ba hannunsa ba ne."

Aka ce a bar maganar. Mako na gaba na tafi ta'aziyya, na dawo na tarar an cike gurbin da sunan Kakana, da rubutun da ba nawa ba, ba tare da an zauna ba, ba a kuma tambayi kowa ba.

Ba maganata kaɗai nake so a ɗauka ba. Goggona, autar Kakana, tana nan da rai a Gwiwa. Ita ta yi jinyarsa ta ƙarshe, kuma ita ya gaya wa cewa idan an zo rabon gado a ba ƙanen mahaifina zabira da asake, amma kada a sa baƙin dutsen a ciki, domin ba nasa ba ne, na mahaifiyarsu ne. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ji. Ta haura tamanin, tun azumin da ya wuce ba ta fita ƙofar ɗaki ba, wasu ranakun ma sai an gaya mata ko ni wane ne.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon shugaba da sauran 'yan'uwa su wakilta mutum biyu, ban da ni, su je Gwiwa ranar kasuwa mai zuwa, da hantsi, lokacin da hankalinta ya fi zama, su ji daga bakinta. Idan ta tabbatar, a ja layi ɗaya a kan abin da aka rubuta, kada a goge, a rubuta sunan Kakata a samansa, shugaba ya sa hannu. Idan kuma ba za a je ba, ina roƙon a bar gurbin fili. Kakana bai ɗauki dutsen matarsa ba yana gab da barin duniya, bai kamata mu ɗora masa shi yana kabari ba.